Kasa Dangana: Damuwar da Ke Biyo Bayan Masifa da Yadda Ake Magance Ta a Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ya san abin da ke biyo bayan rasuwa. Kafin a dawo daga maƙabarta an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun fara aiko da abinci, mata kuwa sun cika tsakar gida. Kwana uku za a yi ana zuwa gaisuwa, ana tambayar masu rashi yaya haƙuri, su kuma suna amsawa da godiya. Sa'an nan a naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. Mafi yawan waɗanda aka yi wa rashi, ko gobara, ko wata asara, sukan bi sahun jama'a su koma bakin sana'arsu sannu a hankali, ko da zuciya ba ta gama hucewa ba. Amma akwai waɗanda ba su komawa. Wata ya wuce, wani watan ya shigo, suna nan inda masifa ta bar su: ba barci, ba ci, ba fita, ba wani tunani sai na abin da ya faru. A kan waɗannan mutane wannan maƙala za ta yi magana. Za mu duba abin da likitoci suka sani game da halin da suke ciki, da abin da al'adar birni ta tanada dominsu, da kuma inda tanadin nan ya gaza.

Yadda likitoci suka san ciwon

Likitocin ƙwaƙwalwa sun ba wannan hali suna na musamman, wanda ma'anarsa ita ce kasa daidaituwa da sabon halin da mutum ya sami kansa a ciki. Da wannan suna ya shiga kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a bugun 1980, ko da yake tun bugun farko na 1952 an ambace shi da wani suna dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta sa shi a kundinta na cututtuka, kuma a bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ta kafa shi a kan alamomi biyu. Ta farko ita ce hankalin mutum ya maƙale a kan abin da ya same shi, yana ta juya shi dare da rana, yana zullumin abin da zai biyo baya. Ta biyu ita ce ya kasa tafiyar da al'amuransa na yau da kullum, watau sana'a, ko karatu, ko kula da iyali, ko cuɗanya da mutane.

Abu na biyun nan shi ne ma'auni. Baƙin ciki bayan asara ba ciwo ba ne, hali ne na ɗan Adam, kuma wanda rumfarsa ta ƙone ya yi kwana goma yana tagumi bai buƙaci likita ba. Sai damuwar ta zarce abin da mutanen wurin suka saba gani ga irin wannan asara, ko kuwa ta durƙusar da mutum, sa'an nan ake kiranta ciwo. Akwai kuma iyaka ta lokaci. Kundin Amurka ya ce alamomin sukan bayyana cikin wata 3 da aukuwar abin, na Hukumar Lafiya kuwa ya ce galibi cikin wata guda. Dukkansu sun haɗu a kan cewa ba su wuce wata 6 bayan sanadin da abin da ya haifar sun gushe. Idan sanadin bai gushe ba, kamar shari'ar da ta ƙi ƙarewa ko bashin da ake bin mutum kullum, to damuwar ma takan daɗe.

Ya kamata a bambanta shi da wasu cututtuka uku da suke kama da shi. Akwai ciwon baƙin ciki mai tsanani, wanda yakan mamaye mutum gaba ɗaya har ya daina jin daɗin komai, ko da sanadi ko babu. Akwai firgitar da ke biyo bayan ganin tashin hankali, irin wadda za ta iya samun wanda ya tsira daga harin da aka kai Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda mutum fiye da 100 suka rasu. Mai wannan yakan riƙa ganin abin yana dawo masa a farke ko a mafarki, ya zabura da jin ƙara kaɗan, ya guje wa wurin. Na uku shi ne jimamin mamaci da ya ƙi yin sauƙi bayan lokaci mai tsawo. Kowanne da maganinsa. Wanda muke magana a kansa ya fi su sauƙi, kuma ya fi su saurin warkewa, amma raina shi kuskure ne, domin an tabbatar yana cikin abubuwan da kan kai mutum ga yunƙurin halaka kansa.

Matsalar suna

Mu ɗaliban Hausa, tambayar da ta fara zo mana ita ce me za a kira wannan abu. Harshen ba shi da ƙarancin kalmomin zuciya: akwai damuwa, da ƙunci, da jimami, da alhini, da juyayi, da takaici, da zullumi, da fargaba, da kaɗuwa. Amma da zarar an tsallaka daga nan zuwa fagen cuta, sai kalmomin su ƙare, a faɗa kan taɓin hankali ko hauka. Tsakanin wanda ke cikin damuwa da wanda ke jifa a bakin kasuwa babu wani matsayi mai suna, shi ya sa iyali kan ƙi kai ɗansu asibiti, domin a ganinsu kai shi tamkar shelanta haukarsa ne.

A ganina kalmar dangana ta fi kowace dacewa. Asalinta jingina ne, kamar yadda ake dangana tsani da bango, sa'an nan aka aro ta ga zuciya: wanda ya dangana shi ne wanda ya karɓi abin da ya faru, ya bar wa Allah, ya ci gaba da rayuwa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da likitoci suke nufi da daidaituwa. Sai dai a kula da fi'ilin da za a haɗa ta da shi. Idan aka ce mutum ya ƙi dangana, an ɗora masa laifi, an kuma taɓa imaninsa. Idan aka ce ya kasa dangana, an nuna yana so amma abin ya fi ƙarfinsa, kamar wanda ya kasa tashi saboda zazzaɓi. Bambancin ƙi da kasa ba ƙarami ba ne a al'ummar da haƙuri yake cikin manyan ma'aunan mutumin kirki, kamar yadda Kirk-Greene ya nuna a nazarinsa na 1974. Saboda haka a sauran wannan maƙala za a riƙa cewa kasa dangana.

Abin da al'ada ta tanada, da abin da ta bari

Haƙiƙa, idan mutuwa ce, al'ada da addini ba su bar komai ba. An yi wa jimami lokaci, an yi masa wuri, an yi masa kalmomi. Zaman makoki yana hana mai rashi kaɗaita a kwanakin farko. A gidaje da yawa akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kuma ko me malamai suka ce game da hukuncinsu, aikin da suke yi wa zuciya a fili yake, watau su sake tara dangi a daidai lokacin da mai rashi ya fara zaton an manta da shi. Matar mamaci tana da takaba ta wata 4 da kwana 10, ba mai sa ran ta yi ado ko ta yi fara'a, kuma ranar da ta fita kowa ya san ta shiga wani sabon matsayi. Ga kuma hadisin talbina, wani kunu na sha'ir da Nana A'isha takan sa a dama wa masu rashi. Wanda ya karanta abin da likitocin zamani suke ba da shawara a kai, watau kada a bar mutum shi kaɗai, a kula da cinsa da barcinsa, a ba shi lokaci, zai ga cewa mutanen Yakasai da Mandawari da Soron Ɗinki sun daɗe suna yi ba tare da sun karanta ba.

An ga muhimmancin wannan tanadi sa'ad da aka rasa shi. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an rufe Kano, aka hana taruwa, a daidai lokacin da dattawa da malamai suke ta rasuwa a jere. Gidaje da yawa sun binne iyayensu babu zaman makoki irin wanda aka saba, gaisuwa ta koma ta waya.

To, amma masifa ba mutuwa kaɗai ba ce. A 1967 wasu likitoci biyu a Amurka, Holmes da Rahe, sun jera abubuwa 43 da kan girgiza rayuwar mutum, suka ba kowanne maki. Mutuwar miji ko mata ta sami 100, rabuwar aure 73, ɗauri 63, kora daga aiki 47, ritaya 45. Abin lura shi ne aure kansa ya sami 50, domin sauyi ko na alheri ne yana da nauyi; wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, shi da ya tanadi 'yan zaman ɗaki domin amarya. Jerin nasu na mutanen ƙasarsu ne, shi ya sa babu zuwan kishiya a ciki, kuma da a Kano aka yi shi da ya sami wuri kusa da sama.

Idan muka ɗauki wannan jeri muka auna shi da al'adarmu, za mu ga tanadin yana raguwa yayin da ake sauka. Gobara tana da jaje, amma na 'yan kwanaki ne. Sa'ad da wuta ta ci shaguna masu yawa a Kasuwar Kurmi a watan Maris na 2023, ko sa'ad da aka rushe shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata a watan Yunin wannan shekara, abin da ya salwanta ya wuce kaya. Ga ɗan kasuwar birni, rumfa ita ce wurin zamansa daga hantsi zuwa la'asar sakaliya, ita ce majalisarsa, da ita ake kwatancensa, wani ma gadonta ya yi. Idan ta tafi, sai ya wayi gari ba shi da inda za shi. Karayar arziki kuwa, wadda takan zo a hankali, ba ta da ko jaje, domin mai ita ɓoye ta yake yi. Zai ci gaba da sa babbar riga yana fita da safe don kada iyali su gane. Haka matar da aka saka: tana da idda, amma idda hukunci ne na shari'a, ba a shimfiɗa mata tabarma, ba a zuwa yi mata gaisuwa, sau da yawa ma tambayar da ke jiranta a gidan iyayenta ita ce me ta yi. Haka ɗalibin da aka kora daga jami'a, da ma'aikacin da ya yi ritaya kuɗin sallamarsa suka maƙale. Asarar da take tafe da kunya ita ce wadda al'ada ta bari a buɗe, kuma a nan ne kasa dangana ta fi samun gindin zama.

Magani

Magani na farko shi ne a taɓa sanadin. Wannan ya bambanta ciwon da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, domin tushensa a waje yake, ana ganinsa. Wanda jarinsa ya ƙone, gudummawar 'yan layinsu, ko ɗaukar adashi da aka matso masa da ita, ko kayan da uban gidansa ya ba shi bashi, sun fi masa kowace ƙwaya. Wadda aurenta ya mutu, sulhu a kan 'ya'yanta da ɗan jarin sana'a su ne rabin warakarta. Shirin aurar da zawarawa da gwamnatin Kano ta fara ta hannun Hukumar Hisba a 2012, wanda yake haɗawa da kayan ɗaki da jari, ya fahimci wannan gefe, ko da yake sabon aure shi ma sauyi ne mai nauyi ga wadda ba ta gama farfaɗowa daga na farko ba.

Na biyu shi ne magana, amma magana mai tsari. A nan ne na ga mun fi rauni. Abin da muka iya shi ne "yi haƙuri", kuma kalmar nan, duk da darajarta, takan zama murfi: da an faɗe ta zance ya ƙare, mai damuwa ya haɗiye sauran abin da ke bakinsa. Masu ilimin halayyar ɗan Adam sukan bi wata hanya dabam. Sukan bar mutum ya faɗi abin da ke cinsa har ya ƙare. Sa'an nan a rarrabe matsalolinsa, a ware wadda za a iya yi wa wani abu daga wadda ba makawa sai an karɓe ta. A ɗauki guda ɗaya, ƙarama, a tsara abin da zai yi a kanta cikin mako, ya dawo ya faɗi yadda aka ƙare. Ana kuma koya masa jan numfashi a hankali idan ƙirji ya ɗaure, ana mayar da shi ga ayyukan da ya bari ɗaya bayan ɗaya, kamar sallar jam'i, da zaman majalisa, da ziyarar 'yan'uwa, ba tare da an jira sai ya ji sha'awar yin su ba. Akan kuma bi tunanin da ya maƙale masa a gwada shi da hujja. Wanda ke cewa ya gama yawo, mutuncinsa ya zube, sai a tambaye shi wa ya daina gaishe shi, kuma mutum nawa ya sani da suka karye suka sake tashi.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, inda ya raba baƙin ciki mai sanannen sanadi, kamar rashi ko asarar dukiya, da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili. Ya nuna na farko ana magance shi da nasihar wani daga waje da kuma tunanin da mutum zai horar da kansa a kai daga ciki, na biyu kuwa yana buƙatar maganin jiki. Tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da shekarar da ake kira ta baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Malamin da ya san wannan ba zai ce wa mai kuka imaninsa ne ya yi rauni ba.

Wa zai yi wannan aiki? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya, bisa ƙiyasin da aka yi ta ambata a 2022, ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Saboda irin wannan ƙaranci ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2016 na zama 5, mako-mako, wanda wanda ba likita ba zai iya gudanarwa bayan ɗan horo, an kuma gwada shi a Fakistan da Kenya. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Sunan ciwon a harshensu ma'anarsa yawan tunani. Kano ba ta rasa benci ba. Tana da dakali da zaure, tana da mai unguwa da limami da malamar Islamiyya da ungozoma, mutanen da tun asali wurinsu ake kai kuka. Abin da ya rage shi ne horo, da kuma riƙon amana, domin a lungun da kowa ya san kowa, tsoron kada magana ta fita shi ne babban abin da ke rufe bakin mutane.

Game da ƙwayoyi, maganar gajera ce: ba su ne gaba ba. Likita yakan ba da su idan rashin barci ko fargaba suka yi tsanani, na ɗan lokaci, ko idan abin ya rikiɗe ya zama baƙin ciki mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2013 kada a riƙa ba da ƙwayoyin kwantar da hankali, dangin Valium, a watan farko bayan tashin hankali. Haɗarin a nan shi ne saye a kemis ba da izinin likita ba. Garin da ya ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasa da matan aure, har gwamnatin tarayya ta hana shi a watan Mayun 2018, ya san inda neman barci da kwalba yake kai mutum.

Mafi yawan mutanen birni wurin malami za su fara zuwa, a yi musu addu'a ko rubutu ko ruƙiyya, wasu kuma su nufi masu magani na Kurmi. Faɗa da wannan ɓata lokaci ne. Farfesa Adeoye Lambo, wanda ya kafa tsarin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, ya sami nasara ne da ya zaunar da marasa lafiya cikin jama'a tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Abin ƙi shi ne a ce wa matar da aka yi wa kishiya wata biyu da suka wuce aljani ne ya shafe ta, a bar sanadin da kowa yake gani, ko a kai ga duka da ɗauri. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta amince da haƙƙin mara lafiya na a kiyaye mutuncinsa.

Akwai alamomin da idan an gan su jira ya ƙare: mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya daina ci, ko ya fara shaye-shaye, ko ya riƙa jin muryoyi, ko watanni su shuɗe abin yana ƙaruwa. A nan sai asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin a kai shi. Asibitin Murtala yana nan cikin birni kusa da Ƙofar Mata, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau.

Sai dai ko an je asibitin, harshe yakan shiga tsakani. Bahaushe ba ya zuwa gaban likita ya ce yana cikin damuwa. Cewa zai yi kansa yana zafi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko zuciyarsa tana bugawa, ko jikinsa ya mutu, ko wani abu yana yi masa yawo a jiki. Ma'aikacin da layi ya yi wa yawa sai ya rubuta gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ya ba da maganin gyambon ciki, mara lafiya ya tafi ya dawo bayan mako biyu da kukan da ya zo da shi. Tambaya ɗaya da ba a yi ba ita ce me ya faru a gida ko a kasuwa kafin ciwon ya fara. Tattara waɗannan maganganu na jiki da Bahaushe yake sakaya ciwon zuciya da su, daga bakin maza da mata, tsofaffi da matasa, a tantance wanne ke nufin fargaba, wanne ke nufin ƙunci, aiki ne da ɗalibin wannan sashe ya fi ɗalibin likitanci kayan yin sa, kuma zai isa kundin digiri na farko.